Zanen Tatu da Ke Bayyane a Aikin Soja da Sauran Wuraren Aiki: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin matasa ba sa tuna da dokar zanen tatu sai tawada ta riga ta zauna a fata, wato ranar da aka buɗe ɗaukar sojoji ko aka kira su ganawar neman aiki. Tambayoyin nan su ne suka fi yawo a bakin masu neman aiki da iyayensu, har da masu ɗaukar ma'aikatan kansu. Yawancin ƙa'idojin da aka ambata an haɗa su da shekarunsu, domin ƙa'idojin suna sauyawa, zanen kuwa yana nan inda aka yi shi.

Idan aka ce zane a bayyane yake, me ake nufi takamaimai?

Da kayan aiki ake aunawa. Duk abin da ido zai gani bayan ka saka kaki ko yunifom, shi ne bayyananne. Sai dai kayan aikin ba kala ɗaya ba ne. Soja yana da kayan fareti masu dogon hannu, yana da na lokacin zafi masu gajeren hannu, ga kuma singileti da gajeren wando na motsa jiki. Zanen da ke ƙwaurinka ba a ganinsa a fareti, amma da asuba a filin atisaye kowa na kallonsa.

Wurare huɗu ne babu rigar da ke rufe su: fuska, wuya daga kwala zuwa sama, bayan hannu, da yatsu. A kansu ake yawan taƙaddama. Rundunar sojan Birtaniya tana da ma'auni mai sauƙin ganewa: idan zanen zai fito a hoton fasfo, to ba a yarda da shi ba.

Me ya sa soja ta damu da abin da ke fatar mutum? Ba ƙarfi da horo ake nema ba?

Soja da tatu sun daɗe tare. Sarki George na biyar na Birtaniya, tun yana matashi a aikin sojan ruwa, an yi masa zane a hannu lokacin da jirginsu ya yada zango a Japan a 1881. Ita kanta rundunar Birtaniya, har zuwa 1871 takan zana harafin D a jikin sojan da ya gudu daga aiki don kada ya sake shiga da wani suna. Tun 1909 kuwa rundunar ruwan Amurka ta rubuta cewa zanen batsa dalili ne na ƙin ɗaukar mutum, amma a ba shi dama ya je a gyara zanen ya dawo. Ke nan an fi shekara ɗari ana jayayya a kan abin da aka zana da inda aka zana shi.

Dalilan da ake bayarwa uku ne. Na farko, ana son a jera sojoji a ga kamanninsu ɗaya, babu wanda ya fita daban. Na biyu, soja wakilin ƙasarsa ne, ana iya tura shi inda mutane ke kallon mai zane a wuya a matsayin ɗan daba. Na uku shi ne mafi nauyi a wurina: zane yakan tona abin da mutum ya ɓoye. Ƙungiyoyin 'yan daba da masu aƙidar fifita jinsi suna da alamominsu, kuma duk rundunar da za ta miƙa wa mutum bindiga tana da haƙƙin sanin ko ya riga ya yi wa wata ƙungiya mubaya'a.

Mece ce ƙa'idar sojan ƙasa na Amurka? An ce sun sassauta.

Sun sassauta, amma sai da suka tsananta tukuna, kuma labarin yana koyar da yadda waɗannan dokoki suke tafiya.

A 2014, lokacin da ake rage yawan dakaru bayan yaƙin Iraƙi, rundunar ta ƙayyade cewa kada zanen da ke ƙasa da gwiwar hannu ko gwiwar ƙafa ya wuce huɗu, kuma kowanne kada ya fi tafin hannun mai shi girma. Waɗanda suka riga suka yi sai aka ɗauki hotunan zanen aka saka a fayil ɗinsu. Sojoji suka yi ta ƙorafi, a 2015 aka janye wannan iyaka, aka bar hannu da ƙafa, aka riƙe fuska da wuya da bayan hannu.

A watan Yunin 2022 sakatariyar rundunar, Christine Wormuth, ta sa hannu a kan sabon umarni. An yarda da zane ɗaya a kowane hannu wanda bai wuce inci ɗaya ba, wato kamar santimita biyu da rabi. An yarda da ɗaya a bayan wuya wanda bai wuce inci biyu ba, da ɗaya a bayan kowane kunne mai inci ɗaya. Tsakanin yatsu ma an yarda, muddin idan ka haɗe yatsunka ba a ganinsa. Fuska tana nan a haramce.

Dalilin sassaucin ba ɓoyayye ba ne. Daga farkon shekarar zuwa watan Mayu, jami'an ɗaukar sojoji sun cike takardun neman a ɗaga wa masu zane ƙafa sama da 650, kowace takarda kuma tana iya cin mako biyu kafin amsa ta zo. Kafin nan matashin ya gaji da jira ya nufi wata rundunar. A wannan shekarar rundunar ta nemi sababbin sojoji dubu 60, ta gaza da kusan dubu 15. Idan ana neman mutane ido rufe, doka takan yi laushi. Idan an samu isassu, tana iya komawa yadda take. Wanda zai yi zane a bayan hannu saboda yau an yarda, ya san da wannan.

Sauran rundunonin Amurka fa?

Ta ruwa ce ta fi kowa sakin hannu, tun 2016 ta yarda da zane a hannu duka da ƙarami ɗaya a wuya. Ta sama ta yarda da ƙananan zanen hannu da wuya a 2023. Rundunar Marin ta fi riƙo: ta hana zanen da ke lulluɓe dantse gaba ɗaya a 2007, ta dawo da shi a 2021, amma ta ci gaba da hana kai da wuya da hannu, in ban da zobe ɗaya a yatsa. Ƙasa ɗaya ce, amma abin da wannan runduna ta karɓa waccan tana iya mayarwa.

A wasu ƙasashen yaya abin yake?

Birtaniya ta yarda da zanen hannu da na bayan wuya a 2014. Indiya ta ɗauki wata hanya dabam: ta amince da zane a cikin dantse, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, da kuma bayan tafi, sannan ta ware 'yan ƙabilun da zane yake cikin al'adarsu ta gado, ta ce su ba a hana su ba. Sin ta sassauta a 2011, inda ta karɓi zanen fuska ko wuya da faɗinsa bai wuce santimita biyu ba.

Japan tana cikin masu tsauri, kuma akwai tarihi a baya. A zamanin da, hukuma kan yi wa masu laifi zane don a gane su. An haramta tatu a ƙasar daga 1872 har 1948, daga baya kuma ya zama tambarin 'yan Yakuza, wato ƙungiyoyin 'yan daba na Japan. Shi ya sa har yau wuraren wanka da yawa ba sa barin mai zane ya shiga, dakarun tsaron ƙasar kuma sun daɗe ba sa ɗaukarsa. A 2023 ma'aikatar tsaro ta ce za ta sake duba batun, saboda matasan ƙasar suna raguwa.

Koriya ta Kudu, inda aikin soja dole ne ga maza, ta fuskanci matsalar ta wata fuska. A da, mai zane da yawa a jiki akan cire shi daga aikin bariki a ba shi wani aikin, sai wasu samari suka mayar da hakan hanyar zillewa. A 2021 aka toshe ƙofar, mai zane ma sai ya saka kaki.

Akwai kuma rundunoni da yawa a duniya da sharaɗinsu layi ɗaya ne a takardar neman shiga: kada a samu zane ko rubutu a jiki, ko ina ne. A irin wannan wuri maganar bayyane ko ɓoye ba ta ma taso ba.

Wane irin zane ne ba a karɓa ko da a ƙarƙashin riga yake?

Na wariyar launin fata, na tsattsauran ra'ayi, na batsa, na wulaƙanta mata, na 'yan daba, da na tallar miyagun ƙwayoyi. A nan kusan bakin kowa ɗaya.

Inda wahalar take shi ne fassara. Alama ɗaya tana iya zama ta ibada a wurin wani, ta ƙiyayya a wurin wani. Wasu lambobi da kake ɗauka ranar haihuwa ce, a wurin mai bincike tambarin wata ƙungiya ne. Pete Hegseth, wanda ya zama sakataren tsaron Amurka a 2025, da bakinsa ya ce an cire shi daga cikin dakarun da za su yi gadin bikin rantsar da Joe Biden a 2021 saboda zanen da ke jikinsa, wanda shi yake kallo a matsayin alamar addininsa. Idan hakan ta faru da hafsan da ya daɗe a aiki, to kurtu mai neman shiga ya shirya bayanin kowane zane da ke jikinsa, musamman wanda aka rubuta da harshen da shi kansa ba ya karantawa.

Zan iya ɓoye shi ranar gwajin lafiya?

A'a, kuma kada ka gwada. A ɗakin gwaji tuɓewa ake yi, daga kai sai gajeren wando. Za a ce ka ɗaga hannuwa sama, ka juya baya, ka buɗe yatsu, ka tanƙwara kunne a duba bayansa. Idan akwai zane a kusa da iyaka, za a ɗora ruwla a auna, a rubuta inda yake da girmansa, a ɗauki hoto, a tambaye ka ma'anarsa. Hodar da ka shafa a gida ba za ta kai ƙarshen layin nan ba, ga zufa ga hasken fitila.

Abin da ya fi zanen haɗari shi ne fom ɗin da ka cike. Akwai gurbin da ake tambayar ko kana da tatu. Mai ƙaramin zane a wuyan hannu wanda ya rubuta gaskiya yana iya samun ɗaga ƙafa a inda ake bayarwa. Wanda ya rubuta babu, aka gano daga baya, laifinsa ya tashi daga zane ya koma ƙarya a takardar hukuma, ko an riga an ɗauke shi ana iya sallamarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a bariki kuwa inda ake wanka tare ana kwana ɗaki ɗaya, ya fi ko'ina gajarta.

Ina cikin aiki, na yi zanen da ya saɓa wa ƙa'ida. Me zai faru?

A sojan ƙasa na Amurka kwamandoji suna duba zanen sojojinsu duk shekara. Wanda aka samu da saɓawa za a zaunar da shi a yi masa bayani, a ba shi kwana 15 ya faɗi ko zai goge ko zai gyara. Idan ya ƙi, ana iya raba shi da aikin. Liƙa filasta ko naɗa bandeji a kai ba ya cikin mafita, ƙa'idar ta hana. Kafin ka je wurin mai allura, ka nuna wa na gaba da kai hoton abin da kake so da inda za a yi shi.

A aikin farar hula, kamfani yana da ikon ƙin ɗaukata saboda tatu kawai?

A yawancin ƙasashe yana da shi. Dokokin hana wariya suna kare abubuwa ƙayyadaddu, tatu ba ya cikinsu. A Amurka dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda jinsi, launin fata, addini, kasancewa mace ko namiji, da asalin ƙasa. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta lissafa abubuwa tara, kuma duk da ta ɗauki mummunan tabo a jiki a matsayin naƙasa, ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun cire tatu da hujin jiki daga wannan kariya ƙarara.

Abin da kamfani ba shi da ikon yi shi ne amfani da dokar a kan wasu a bar wasu. Idan an ƙyale maza da zane a dantse aka ce mata su rufe, ko aka kawar da kai daga wani jinsi aka matsa wa wani, to magana ta koma ta wariya, kuma kotu za ta saurara.

Idan zanen na addini ne ko na al'adar gado fa?

Nan ne doka ke iya tsaya maka. Wani ma'aikacin gidan cin abinci na Red Robin a Amurka yana da rubutu zagaye da wuyan hannunsa, wanda ya ce na addininsa ne kuma rufe shi da gangan zunubi ne a wurinsa. Aka kore shi. Hukumar da ke kula da daidaito a wurin aiki ta kai ƙara, a 2005 kamfanin ya amince ya biya dala dubu 150. Amma shekara ɗaya kafin nan wata ma'aikaciyar kantin Costco da ta ƙi cire ɗan ƙarfen da ke girarta bisa hujjar addini ta sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara. Ba kowace da'awa ce ke cin nasara ba, akan duba ko kamfanin ya nemi hanyar sulhu da kuma irin nauyin da zai ɗauka.

Kiristocin Kibɗawa na Masar suna da ƙaramin gicciye a wuyan hannu tun ƙarnoni. A New Zealand 'yan Maori, wato 'yan asalin ƙasar, suna da zanen fuska na gado, wanda ke nuna dangi da matsayi. Nanaia Mahuta ta zama ministar harkokin wajen ƙasar a 2020 da nata zanen a haɓa, ta zaga duniya da shi. Kamfanin Air New Zealand, wanda ya daɗe yana ƙawata jiragensa da alamun Maori alhali yana hana ma'aikata bayyana nasu zanen, ya janye haramcin a watan Satumban 2019. Gyara ne da ya kamata a yi tun da wuri.

Addinina ya hana tatu, na yi shi tun ina yaro, yanzu ina nadama. Ina matsayina?

Mafi yawan malaman Musulunci sun haramta zane na dindindin, akwai kuma Yahudawa da Kiristoci da ke kafa hujja da Littafin Firistoci 19:28. Wannan tsakaninka ne da malaminka. Ta fuskar aiki kuwa, ka sani ba kai kaɗai ba ne. A binciken cibiyar Pew na 2023, kusan kashi 24 cikin ɗari na Amurkawa masu tatu sun ce suna nadamar aƙalla ɗaya. Ina roƙon masu ɗaukar aiki su riƙe wannan a zuciya. Abin da yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya yi da rana ɗaya bai kamata ya hana magidanci ɗan shekara talatin abincin iyalinsa ba, matuƙar zanen bai zagi kowa ba.

Ina son aikin cikin jirgin sama, ina da ɗan fure a idon sawu. Akwai matsala?

Ya danganta da kamfanin, kuma sai ki duba yunifom ɗinsu da kyau. Emirates ta rubuta a sharuɗɗanta cewa kada a ga zane idan an saka yunifom, kuma ba a yarda a rufe shi da kwalliya ko bandeji ba. Idan siket ne, idon sawu yana cikin wuraren da ake gani. United Airlines ta yarda da ƙananan zane a 2021, Virgin Atlantic ta bi a 2022. Ki faɗi gaskiya tun ranar tantancewa. Gara a ce miki a'a a ranar da a ce kin bar aikinki, kin yi ƙaura zuwa wata ƙasa, sannan a gano a lokacin horo a mayar da ke gida.

Gaskiya ne masu tatu ba sa samun aiki ko albashi mai kyau?

Ba kamar yadda ake faɗa ba. Wani bincike da Michael French na Jami'ar Miami ya jagoranta, aka wallafa a 2018, ya duba mutane kusan dubu biyu a Amurka bai ga bambanci a samun aiki ko albashi tsakanin masu zane da marasa shi ba. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da Pew ta ce kashi 32 cikin ɗari na manya suna da tatu. Kamfanin da ya ce ba zai ɗauki mutum ɗaya cikin uku ba, shi zai wahala. Starbucks ta sassauta a 2014 ta bar fuska da maƙogwaro a haramce. Disney, wadda ta yi suna wajen tsaurin shiga, ta sassauta a 2021, UPS ma haka.

Amma wannan Amurka ce, kuma yawancin zanen da aka ƙirga suna ƙarƙashin riga ko a dantse. Kada mai zane a kumatu ya ɗauki wannan bincike ya yi zaton da shi ake. Kada kuma wanda ke neman aiki a Tokyo ko Dubai ya auna kansa da shi. A 2012 magajin garin Osaka, Toru Hashimoto, sai da ya sa aka raba wa ma'aikatan birnin sama da dubu 30 takarda kowa ya faɗi ko yana da zane.

'Yan sanda, malaman asibiti da masu harkar abinci fa?

'Yan sanda sun fi kusa da soja. Rundunar birnin Landan ta tsananta a 2012 ta sassauta a 2018. A Jamus wani ɗan sandan jihar Bavariya ya nemi izinin rubuta kalma ɗaya a dantsensa, aka hana shi, shari'ar ta kai har kotun tsarin mulki a 2022.

A asibiti da kicin, zanen da ya warke ba ya ɗauke da wata cuta, tawadar tana can cikin fata. Sabon zane kuwa buɗaɗɗen rauni ne na mako biyu zuwa huɗu, yana tsattsafo da ruwa, yana ɓawo. Nas ko kuku mai wanke hannu sau da yawa a wuni bai kamata ya zo aiki da irinsa a hannu ba. A wasu asibitocin ma dokar tsafta ta hana dogon hannun riga, don haka rufewa da riga ba ta yiwuwa.

Ranar ganawar neman aiki, in rufe ko in bari a gani?

Idan riga mai dogon hannu za ta rufe shi, ka saka ta. Wannan ba yaudara ba ce, kana so ne a saurari abin da ka iya kafin a kalli dantsenka. Idan an yi maka tayin aikin, kafin ka sa hannu ka nemi a ba ka ƙa'idar shiga a rubuce, ka faɗi abin da kake da shi. Maganar baka ta manaja ba ta da tabbas, domin gobe ana iya canza shi. Idan kuwa a wuya ne ko bayan hannu, kai ka fara ɗauko maganar cikin natsuwa, da jimla ɗaya ko biyu, ka koma kan batun aiki.

Gogewa da leza tana aiki? Wata nawa zan ware?

Tana aiki, amma ba da sauri ba. Allurar tatu tana ajiye tawada a shimfiɗar fata ta biyu, milimita ɗaya zuwa biyu daga sama, inda ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye ta su riƙe. Hasken leza yana farfasa tawadar ta zama ƙanana, jiki ya riƙa kwashe ta a hankali. Shi ya sa ake barin mako shida zuwa takwas tsakanin zama da zama, kuma akan yi zama shida, goma, ko fiye. Ka lissafa shekara guda aƙalla. Wanda ya fara wata biyu kafin ɗaukar sojoji zai je ne da zane mai dishi-dishi da fata mai ƙuna.

Baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da rawaya suna da taurin kai. Mai duhun fata ya ƙara kula, domin hasken yana iya taɓa launin fatar kansa ya bar farin tabo, wasu kuma jikinsu kan yi tsiron tabo mai kauri. Akwai nau'in leza mai tsawon zangon haske na nanomita 1064 da likitocin fata suka fi amfani da shi ga baƙar fata, ka tambaya ko suna da shi kuma ko sun saba aiki da fata irin taka. Kuɗin gogewa yakan ninka kuɗin zanawa sau da yawa.

Man shafawa da ake tallatawa a intanet ba ya isa inda tawadar take. Ƙona wurin da asid, ko kankare shi da reza da gishiri, yana barin tabon da ya fi zanen muni, tabon kuma shi ma za a tambaye ka dalilinsa a ɗakin gwaji. Don Allah kada ka yi wa kanka haka.

Zanen gira na dindindin ko na asibiti yana cikin lissafi?

Yawanci ana ware su. Rundunoni da dama sun yarda da zanen gira ko na gefen ido ga mata idan bai yi ƙyalli ba. Ɗigon da ake yi wa mai cutar daji don saita hasken magani, ko zanen da ake yi bayan tiyatar nono, takardar likita ta isa.

Ni ne mai kamfani. Yaya zan tsara dokar da ba za ta zalunci kowa ba?

Ka fara da tambayar kanka wane ne zai ga zanen, kuma me zai ɓata. Mai zama gaban kwamfuta a ɗakin baya da mai karɓar baƙi a ƙofa ba lallai doka ɗaya ta hau kansu ba. Ka rubuta ta a takarda, ka ambaci sassan jiki da sunansu da girman da ka yarda da shi, kada ka tsaya a kan "shiga ta mutunci", domin wannan kowane manaja da irin fassararsa, kuma daga nan son kai ke shigowa. Ka bayyana ta a tallar aikin tun farko don kada mutum ya kashe kuɗin mota ya zo a banza.

Ka ajiye ƙofar da mai hujjar addini, al'ada ko lafiya zai bi ya yi bayani, ka kuma faɗi wanda zai yanke hukunci idan an yi saɓani a kan ma'anar wani zane. Idan ka tsananta doka daga baya, waɗanda ka ɗauka da zanensu kana gani ba su yi maka laifi ba. Ka rubuta abin da kowannensu yake da shi a ranar da sabuwar dokar ta fara aiki, ka bar su da shi, sabuwar ta hau kan zanen da za a yi daga wannan rana.